Sojan Gona a Bakin Shinge

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da adabin baka a nan Kurmi, kuma babu shekarar da ba na tsayawa gaban 'yan aji biyu in yi musu bayani a kan jigon ɓad-da-kama. Nakan fara da Gizo, in gangaro kan Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja, yadda kowannensu ke shiga rigar da ba tasa ba don ya ci bulus. Daga nan sai in rufe da wata tatsuniya da kakata, Allah Ya jiƙanta, take yi mana muna yara. Wata uwa ce ta ɓoye 'yarta a ɗaki, ta gargaɗe ta kada ta buɗe wa kowa ƙofa sai ta ji muryarta. Kura ta zo ta yi kira da muryarta ta ƙato, yarinya ta ƙi buɗewa. Kura ta tafi wurin maƙeri ya gyara mata harshe, ta dawo da murya siririya irin ta uwar, yarinya ta zare sakata. A nan ne ɗalibai kan yi dariyar wautar yarinyar, ni ma nakan taya su, har in ƙara da cewa ai da ta leƙa ta ƙasan ƙofa da ta ga ƙafar kura. Tun ƙarshen 2022 na daina wannan ƙarin.

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Disamba na wannan shekara, ina fitowa daga masallaci, ƙanena ya bugo mini waya daga Kwantagora. Maganarsa gajeriya ce: jikin Inna ya tsananta, kuma tana ta ambaton sunana. Duk wanda ya yi zaman nesa da gida ya san nauyin irin wannan saƙo, ya kuma san 'yan'uwa ba su cika faɗin halin da majiyyaci ke ciki ba sai sun rage wani abu. Ina da wata doka da na kafa wa kaina tun da na sayi mota, cewa rana ba za ta faɗi ina kan hanyar Arewa ba, har na sha yi wa abokan aiki wa'azi da ita. Kafin la'asar mun ɗaure kaya, ni da uwargida da 'ya'yanmu mata biyu, muka kama hanya da niyyar mu kwana a Ilori, mu tashi da asuba.

Lokacin ana fama da ƙarancin man fetur a ƙasar nan. Cunkoson manyan motoci tsakanin Oyo da Ogbomosho ya ci mana lokaci, layin gidan mai ya cinye sauran, ba mu shiga Ilori ba sai wajen tara da rabi na dare. Uwargida ta ce mu nemi masauki. Na tsaya gefen hanya na kira ƙanena sau uku, wayar tana shiga ba a ɗauka. Daga baya na ji ashe ya bar ta a caji ne ya tafi kemis, amma a lokacin zuciyata ta riga ta fassara shirun yadda ta ga dama. Na ce mu ƙarasa Jebba ko yaya ne, in mun tsallake Kwara ai mun rage hanya. Ba ta yi mini musu ba, sai ta juya ta gyara wa ƙaramar kwanciya a kujerar baya.

Ya kamata in yi wa mai karatu bayanin wani abu kafin mu isa wurin. Wanda ya saba bin hanyoyin Kurmi ya san yawan masu kaki da ke da ikon ɗaga masa hannu: 'yan sanda, da 'yan mobal, da sojoji, da 'yan kwastan, da jami'an shige-da-fice, da na kiyaye haɗurra, da na yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga Amotekun da jihohin Yarbawa suka kafa a 2020, ban da masu karɓar harajin ƙananan hukumomi da ke tsare hanya da katako mai ƙusoshi. Babu wanda ya haddace rigar kowa. Abin da direba ya koya shi ne, in an haska shi da tocila ya taka birki. Ni kuma na ɗora wani darasi nawa a kan wannan. Da yawa daga cikin sojoji da 'yan mobal da ake turowa hanyoyin nan suna jin Hausa, ko da ba Hausawa ba ne. Abin yana da tushe, domin tun 1863 da Kyaftin John Glover ya tara rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover a Ikko, Hausa ta fara zama harshen bariki, har ta haifi abin da muke kira Barikanci. Sau da yawa nakan isa shinge, a ga hulata, a yi mini sallama, a tambaye ni garinmu, a ce in wuce ba a ko duba takarda ba, alhali na gabana yana can yana buɗe but. Ban taɓa ganin aibin wannan ba. Daɗi ma nake ji, in ce a raina harshen uwa ya yi rana. A taƙaice dai, shekaru sun koya mini cewa jin Hausa a bakin shinge alamar an tsira ce.

Mun wuce shinge biyu bayan Ilori, duk na gaskiya, da buhunan yashinsu da motarsu da wutar da suka hura saboda sanyin hunturu. Sha ɗaya saura, a wata kwana inda kwalta ta farfashe har dole mota ta koma tafiyar hawainiya, tocila biyu suka haska ni. Na hango katako a gicciye da mutum huɗu cikin baƙaƙen riguna. Ɗaya yana sanye da rigar sulke mai ɗauke da sunan 'yan sanda da manyan baƙaƙe a ƙirji, ɗaya yana rataye da doguwar bindiga. Na tsaya, na sauke gilashi gaba ɗaya kamar yadda na saba.

Mai rigar sulken ya sunkuyo, ya haska fuskata, ya haska bayan motar, sannan ya mayar da tocilar ƙasa kamar mai jin nauyin mata.

"Salamu alaikum. Malam, sannu da hanya. Ina za a da iyali cikin daren nan?"

Hausa ce tatacciya, babu gargada, har da ɗan karin yamma irin wanda na tashi ina ji. Na amsa sallama, na gaya masa inda muka nufa, kuma ba tare da ya tambaya ba na ƙara da cewa mahaifiyata ce ba lafiya.

"Ayya! Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. To ba za mu ɓata maka lokaci ba. Oga ne kawai zai duba takardu. Shiga ta wannan 'yar hanyar kada manyan motoci su bi ta kanka, ka kashe fitilu."

Ya nuna wata 'yar burtali da ta ratse cikin ciyawa ta hannun dama. Na ce to. Na riga na fara karya sitiyari lokacin da uwargida ta dafa mini gwiwa ta ce, ƙasa-ƙasa, "Malam, kada ka shiga. Dubi ƙafafunsu."

Na duba. A cikin hasken fitilata, na gaban katakon yana sanye da silifa, na kusa da shi kuma takalmin roba irin na masu kiwo. Zan faɗi abin da na ji a wannan lokaci ko da ba zai ƙara mini daraja ba: haushi na ji, kuma haushin matata ne. Na ji kamar ta ba ni kunya a gaban mutumin da ya yi wa uwata addu'a. Har na fara shirya amsar da zan ba ta, cewa ai na sha ganin 'yan sanda da silifa a bakin aiki, wanda kuma gaskiya ne. Na san wani abu bai yi daidai ba, amma nauyin in nuna wa ɗan'uwa ban yarda da shi ba ya rinjayi wannan sanin. Ƙafata tana kan birki, hannuna ya karya sitiyari rabi, ban shiga ba, ban fasa ba.

Muna cikin haka sai haske ya cika madubina, tare da wani ham mai girgiza ƙirji. Tirela ce ta fito daga kwanar, wasu biyu na bin ta, kuma ko makaho ya san mai tuƙa ta ba shi da niyyar tsayawa. Mai silifa ya finciki igiya, katakon ya fice daga hanya, suka yi tsalle gefe. Tirelar ta goge ta hagun ɗina, motarmu tana rawa. Uwargida ta ce, "Bi shi!" Wannan karon ban yi shawara da kowa ba, na warware sitiyari na taka totur na shiga tsakanin ta farko da ta biyu. Na ji mai rigar sulken ya daka mini tsawa in tsaya, da wata murya da ba ta da dangantaka da wadda ta yi sallama, sannan wani abu ya daki bayan motar. Da safe na ga lotsawar gora a kan but. Yaran kuwa ko motsawa ba su yi ba.

Haka na liƙe wa tirelar nan, ina shan hayaƙinta da godiya, har Jebba. Da ta faka a inda manyan motoci ke kwana, na faka a bayanta. Gwiwoyina sun ƙi ɗaukata sai da na dafa ƙofa. Direban dattijo ne, gemunsa ya yi fari, ya ɗauko kaya daga Ikko zai kai Sakkwato. Na same shi a teburin mai shayi yana wanke fuska da ruwan buta, na durƙusa na gaishe shi na gaya masa ni ne mai ƙaramar motar. Ya dube ni, ya dubi motar da matar da ke ciki, ya girgiza kai.

"Malam, kai da iyali, me ya fito da kai yanzu?"

Na gaya masa. Ya yi wa Inna addu'a, ya sa aka kai wa uwargida shayi, sannan na tambaye shi, "Baba, yaya aka yi ka gane ba 'yan sanda ba ne, alhali daga nesa ka hango su?"

Ya ce tun kafin ya hango su ya sha jinin jikinsa. Kusan kwata guda yana tafe bai yi kiciɓis da mota ko ɗaya daga Arewa ba, a hanyar da ba ta barci, kuma duk lokacin da hanya ta yi tsit ta gefe guda akwai abin da ya tsare ta. Ya ce wurin ma ya isa shaida: ya fi shekara talatin yana bin hanyar, ya san inda ake kafa shinge kamar yadda ya san ɗakunan gidansa, kuma hukuma takan zaɓi miƙaƙƙen wuri kusa da gari, inda za ta hango mai zuwa shi ma ya hango ta. Ɗan fashi ne ke son kwana da rami, domin su yi masa aikin birki. Sannan babu mota, babu buhun yashi, babu wuta. Mutum huɗu a tsakiyar daji, da me suka zo, da me za su koma?

Da na ba shi labarin 'yar hanyar da kashe fitilu, sai ya ajiye kofinsa.

"To ai nan ma ya gaya maka ko shi wane ne. Na gaskiya cewa zai yi ka rage fitilar gaba ka kunna ta ciki, don ya ga fuskarka. Wannan ya ce ka kashe duka, don kada a ga tasa. Kuma ɗan sanda, na kirki ne ko na banza, ba ya son ka daɗe a wurinsa, akwai mota a bayanka da yake jira. A kan kwalta zai duba ka, a kan kwalta zai sallame ka. Wanda ya ce ka sauka daga kwalta, Malam, ba takarda yake nema ba."

Na ce, "To Baba, da ya kasance na gaskiya ne fa?"

Ya yi 'yar dariya. "Da sun buɗe mini wuta, gobe a ce direba ya ƙi tsayawa. Caca na yi, kuma na yi ta ne don ina zaune a sama cikin ƙarfe, ga tan talatin a bayana. Kai kada ka kuskura ka kwaikwaye ni da wannan gwangwanin naka."

A nan muka kwana cikin mota, tsakanin tireloli. Da gari ya waye na biya wani ofishin 'yan sanda da ke kan hanya na kai rahoto. Sajan da na tarar ya saurare ni da kyau, ya rubuta, ya tabbatar mini ba su da mutum ko ɗaya a wannan kwanar daren jiya.

Na daɗe ina juya maganar dattijon nan ta ƙarshe, domin a cikinta matsalar take. Masu ba da shawara kan ce ka gane na ƙarya ka guje shi, ka gane na gaskiya ka tsaya masa, kamar dai tsakaninsu akwai katanga. Direban da aka haska da dare yana da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, kuma kowane ɓangare ya karkata akwai rami: in ya tsaya wa na ƙarya ya miƙa wuya, in ya guje wa na gaskiya ya ba da hujjar a harbe shi. Ba tsoron banza ba ne. A watan Yuni na 2005 'yan sanda sun kashe matasa shida a Abuja suna hanyar komawa gida cikin mota da dare, waɗanda aka fi sani da mutum shida na Apo, kuma sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin jami'an hukuncin kisa. Wanda ya san wannan labari ba zai yi saurin taka totur a gaban mai bindiga ba, ko da ya ga silifa.

A matsayina na malamin adabi, hankalina ya koma kan wani abu da ya faru a Jamus. Ranar 16 ga Oktoba, 1906, wani mai gyaran takalma, tsohon ɗan kurkuku, mai suna Wilhelm Voigt, ya sa kakin kyaftin da ya harhaɗa daga wurin 'yan gwanjo, ya tare wasu sojoji a titin Balin ya ce su biyo shi. Suka bi shi har garin Kofenik, inda ya sa aka kama magajin gari, ya karɓi kuɗin baitulmali fiye da mak 4,000, ya sa hannu a rasit, ya yi tafiyarsa.  Carl Zuckmayer ya mayar da labarin wasan kwaikwayo a 1931, kuma abin da ake yi wa dariya a ciki shi ne al'ummar da ta girmama kaki har ta manta da duba wanda ke ciki. Namu ya sha bamban. Ba girmamawa ce ke sa mu taka birki ba, tsoro ne, kuma sojan gona ya fi samun sauƙin aiki da tsoro, domin mai girmamawa yakan lura in aka yi abin da bai dace da kakin ba, mai tsoro kuwa ya riga ya sa ran komai.

Wannan ita ce gaskiya mai ɗaci. Ɗan fashin da ya sa baƙar riga ba ya bukatar ya ƙware a kwaikwayo, saboda an riga an sauƙaƙa masa rawar. Me zai yi da za a ce ɗan sanda ba ya yi? Ya tsare hanya da katako? Ya ƙi faɗin sunansa? Ya nemi waya ya bincika? Ya ce a bi shi wani wuri a sasanta? Shekaru da dama 'yan rundunar SARS suna yawo cikin kayan gida da motoci marasa alama, suna tare matasa da bindiga, har aka kai ga zanga-zangar da ta sa aka rusa rundunar ranar 11 ga Oktoba, 2020. Duk wanda ya rayu a wancan zamani ya koyi cewa mutum mai wandon jins da bindiga yana iya zama hukuma. Kafin nan, manyanmu suna ba da labarin Lawrence Anini da ya addabi Binin a 1986, wanda aka gano wani babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu, shi ke taimaka wa ƙungiyarsa da makamai da bayanai, aka kuma harbe su duka a 1987. A 2012 Sufeto-Janar M. D. Abubakar ya ba da umarnin a kwashe shingaye daga manyan hanyoyi, na bayansa ma sun maimaita irin wannan umarni, shingayen kuma sukan ɓace na ɗan lokaci su dawo. Saboda haka matafiyi bai ma san ko ya kamata a ce akwai shinge a gabansa ba, balle ya san na wane ne. Ba ina cewa duk kanwar ja ce ba. Waɗanda suka hura wuta a shinge biyun farko suna tsaye cikin sanyi ne a dajin da ni nake gudun ratsawa, kuma da babu irinsu da kwanonin hanyar duk sun zama irin waccan. Amma kowane jami'in da ya tare hanya babu suna a ƙirji, babu mota, ya ara wa ɓarawo rigarsa ne bai sani ba.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Kundin laifuffuka na Arewa da na Kudu duk sun mayar da sojan gona da sunan ma'aikacin hukuma laifin ɗauri. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta ce jami'in da zai tsayar da mutum ya bincike shi ko motarsa sai ya kasance cikin kaki ko yana ɗauke da katin shaidarsa a bayyane, kuma ya faɗi sunansa da ofishin da yake aiki da abin da yake nema. Na karanta wannan bayan abin ya faru, na ji daɗinsa, na kuma tambayi kaina ko da zan iya karanta wa mai rigar sulken nan shi da sha ɗayan dare. Doka tana da amfani da rana, a gaban jama'a, kuma ya kamata mu riƙa amfani da ita a nan ɗin, cikin ladabi, har tambayar suna ta daina zama rashin kunya. Da dare a daji kuwa, 'yan ƙananan ɗabi'u ne ke saya wa mutum lokaci.

Ga yadda na koma yi. Ba na sauke gilashi fiye da yatsu huɗu sai na gamsu, ƙofofi a kulle, inji yana aiki. In akwai mota a gabana nakan bar ratar da zan iya ficewa ba tare da na ja da baya ba. Nakan kunna fitilar ciki da kaina in ɗora hannuwa biyu a kan sitiyari, domin in na gaskiya ne shi ma mutum ne mai tsoro, kuma tsoron mai bindiga ba abin wasa ba ne. Takardun mota suna maƙale a saman gilashi, ba sai na sunkuya ina lalube ba. Kafin in isa shinge, wanda ke kusa da ni yakan kira wani a gida ya bar wayar a buɗe, ya faɗi inda muke da ƙarfi, kuma tun daga gida nakan tura wa ƙanena alamar inda nake ta WhatsApp ya riƙa bin tafiyar. Lambar gaggawa ta 112 tana cikin wayar kowa a gidan, ko da yake akwai wurare a hanyar da babu sabis. In aka ce akwai matsala a takarduna, nakan ce na yarda, mu tafi ofis, su yi gaba in bi su ko in yi gaba su biyo ni, amma ba na ba kowa makulli, ba na barin baƙo ya shigo, kuma ba na sauka daga kwalta. A wuraren da ban yarda da su ba nakan jira a gidan mai ko tasha har motocin haya su taru in shiga ayarinsu, in kuma lura da fitilar masu tahowa, domin direbobi suna gargaɗin juna da ita. In kuma duk wannan ya ƙare, bindiga ta riga ta iso kunne, to mota da waya da kuɗi ba su kai a yi gardama a kansu ba. Dokar nan tawa ta faɗuwar rana ta dawo, wannan karon uwargida ce mai zartar da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sallamar nan. Mu da ke zaune nesa da gida, malamai da ɗalibai, muna da wani rauni da mazauna Kano ko Katsina ba su da shi. A can Hausa iska ce, ba a lura da ita. A nan kuwa in ka ji ta a tasha ko a kasuwa ko a bakin shinge, sai ka ji kamar an miƙo maka ruwa, kuma kafin ka farga ka faɗi garinku da abin da ke damunka. Mutumin nan bai tambaye ni komai game da Inna ba, ni na miƙa masa, shi kuma ya mayar mini da ita addu'a, addu'ar ta ɗaure mini hannu. Kakinsa bai ruɗe ni sosai ba, na ga irinsa ana sayarwa. Harshen ne ya kusa shigar da ni ciyawa da 'ya'yana mata biyu suna barci a baya. Na sha gaya wa ɗalibai cewa harshe shi ne ma'ajiyar amana tsakanin al'umma, ban taɓa gaya musu cewa ɓarawo ma ya san inda ake ajiyar ba. Matata, wadda ba ta taɓa zama ajin adabi ba, ba ta saurari abin da yake faɗa ba sam, ƙasa take kallo.

Mun isa Kwantagora bayan azahar. Inna ta ji sauƙi, har tana zaune ana ba ta kunu. Ban yi niyyar gaya mata ba, amma surukarta ta rattaba mata komai tun kafin in gama gaisawa da maƙwabta. Ta kira ni ɗaki, ta dube ni tsawon lokaci, ta ce, "Da ka iske ni na mutu, ai jana'iza ɗaya za a yi. Kai kuwa biyar ka so a yi." Ban ce komai ba, kaina yana ƙasa, kamar ranar da na fasa mata tulu.

Bayan wata uku, da rana tsaka, a cikin gari, wani ɗan sanda ya tsayar da ni ina dawowa daga ɗauko yara a makaranta. Kakinsa a goge, takalminsa baƙi, motarsu tana gefe. Na ga dama ta samu in gwada abin da na karanta, na gaishe shi na ce don Allah ina so in san sunansa da ofishinsa. Ya ɗan yi turus, sannan ya faɗa, har ya ciro katinsa ya miƙo mini ta saman gilashi. Na karɓa na duba hoto, na duba hatimi, na juya bayansa. A nan na tuna ban taɓa riƙe katin ɗan sanda a hannuna ba, saboda haka ba ni da wani da zan gwada wannan da shi. Na mayar masa da hannu biyu, na yi godiya, ya duba lasin ɗina ya ce in wuce.

Mun ɗan yi nisa sai babbar ta leƙo ta tsakanin kujeru ta ce, "Baba, wannan na gaske ne?"

Na ce, "Ina jin haka."

Ta ce, "Ni ma na duba ƙafarsa."